Ranar da Arzika Ya Buɗe Ƙofar Mayafi

"A buɗe! Don Allah a buɗe mana!"

Kururuwar mata ce daga bayan ganuwa, tana cakuɗe da ƙugin tambari da sukuwar dawaki. Arzika ɗan Ƙaura ya haye ganuwa a guje, ya kutsa tsakanin maharba, ya leƙa ƙasa.

Matan Birnin Garnaya ne da suka yi sammako zuwa tafki ɗiban farar ƙasa. Sun zubar da ƙorai, sun taru a jikin ƙyauren Ƙofar Mayafi suna dukansa da tafin hannu. Daga bakin kurmi kuwa ga mahayan Dargaza sun ɓullo, sun kwantar da masu, ƙasa na girgiza. A tsakiyar matan ya hango Hakama, 'yar Galadima. Ita ba ta dukan ƙyaure. Ta ɗaga kai tana duban saman ganuwa, hannunta riƙe da farin furen bado.

Arzika ne ya jawo. Tun da aka haife shi bai taɓa taka bayan ganuwa ba, shi ya sa Hakama ke kiransa jarumin cikin gida. Duk fitar da ta yi sai ta ɓoyo masa wani abu na waje, yau goruba, gobe tsakuwar rafi. Jiya ya ce mata bai taɓa ganin bado a kan ruwa ba. Ta yi dariya ta ce tafkin ba zai ɗauku ba, amma furen zai zo.

Dokar Garnaya kuwa ba ta da kunne. Da zarar tambari ya yi kuka an rufe ƙofa ke nan, ba a buɗewa sai maƙiya sun juya, ko da uwar Sarki ce a waje. Wanda ya taɓa sakata, kansa ne fansa. Gidan Galadima ke riƙe da ƙofofi tun kaka da kakanni, ga shi kuma Galadima Jatau da kansa a tsaye bisa ganuwa, ya harɗe hannuwa a baya.

Arzika ya faɗi gabansa. "Ranka ya daɗe, Hakama tana waje!"

"Na gan ta," in ji Galadima, bai juyo ba. Muryarsa ba ta rawa. "Sauka mini daga ganuwa, ɗan Bagudu. Jininku ba ya hawa nan."

Arzika ya sauka. Yana sauka maganar da ta bi shi tun yana cikin zanen goyo tana kai-komo a kansa. Ranar sunansa wata tsohuwa 'yar bori ta faɗi a tsakar gidansu, ta ce hannun yaron nan zai buɗe ƙofar Garnaya saboda mace, maƙiya su shiga. Tun daga ranar ubansa, Ƙaura Bagudu, shugaban mayaƙan birni, ya hana shi kusantar kowace ƙofa. An koya masa takobi da mashi a bayan barga, an hana shi yaƙi, an hana shi farauta. To ga ƙofa, ga mace, ga maƙiya. Ya tsaya cak. Idan ya juya ya koma gida, ya ƙaryata 'yar bori har abada, kuma Hakama za ta mutu a jikin ƙyaure.

Bai juya ba.

Ƙofar Mayafi ƙyaure biyu gare ta, na waje da na ciki, da dogon soro a tsakani. Masu tsaro suka gicciya masa masu. Ɗayansu, wanda matarsa ke cikin masu kururuwa, ya dubi Arzika, ya dubi ƙasa, sai mashinsa ya ɗan kauce. Arzika ya bangaje sauran, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin gungumen sakata, ya yi nishi ya ɗaga.

Mata suka kwararo kamar ambaliya. Hakama ta wuce ta gefensa, ta buɗe baki za ta yi magana, ya tura ta ciki. Ya juyo zai rufe, amma lokaci ya ƙure, dawakin Dargaza sun riga sun cusa kai cikin soro.

Na gabansu saurayi ne mai jan rawani, da munduwar azurfa a damtse, yana dariya kamar ya zo biki. Ya kawo suka. Arzika ya goce, mashin ya yage masa riga, ya kama linzamin dokin ya murɗe, suka zube tare. Suka sarƙe da kokawa, ba a daɗe ba mai jan rawani ya daina motsi a hannun Arzika. Sai Arzika ya ji muryar ubansa daga ciki kamar tsawa.

"A tare ƙyauren ciki! Kada ko kaza ta wuce!"

Daga sama kuma muryar Galadima ta amsa. "Maharba, ku bar kurmi, ku zuba cikin soro! A rufe musu baya!"

Soron ya yi wa dawaki kaɗan. Ba gaba, ba baya, ba wurin juya mashi. Mayaƙan Ƙaura suka danno ta ƙasa, maharban Galadima suka yi ruwan kibau ta sama, aka mayar da ƙyauren waje aka danna sakata. Waɗanda suka shigo, babu wanda ya fita. Na waje da suka ga haka sai suka ja da baya, suka ɓace cikin kurmi. Ba a rasa ko mace ɗaya ba.

Arzika yana jingine da bango yana haki, sai ya ji an kama hannuwansa ta baya. Dogarai ne, da igiya.

*

Kafin azahar fada ta cika maƙil. Sarki Tunau yana bisa karaga, Galadima a dama, Ƙaura a hagu, kowa da mutanensa a bayansa, an bar fili a tsakani kamar an shata da wuƙa. Filin nan ya girmi Arzika. Tun zamanin da aka rufe wa yayan Ƙaura ƙofa ya mutu a jikin ƙyaure, mutanen gidan Ƙaura kuma suka tare ƙanen Galadima a kasuwa suka rama, gidajen nan biyu ba sa gaisawa, ba sa zuwa jana'izar juna, ko wuta ba sa ɗiba a gidan juna. A tsakiyar filin aka durƙusar da Arzika.

Galadima ya miƙe, ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Ba zan tsawaita ba. Tambari ya yi kuka, an rufe ƙofa da umarnina, ɗan Ƙaura ya buɗe. Dubban idanu sun gani. Na tsaya ina kallon 'yar cikina a waje ban taɓa sakata ba, don na san abin da ke bayan ƙofar nan ya fi 'yata yawa. Yau mun tsira, gaskiya ne. Gobe fa? Idan aka ƙyale wannan, kowane saurayi mai budurwa a tafki ya zama Galadiman kansa. Ina neman doka."

Sarki ya juya hagu. "Ƙaura, ɗanka ne."

Ƙaura Bagudu ya tashi da ƙyar. Jinin yaƙi bai ma bushe a hannun rigarsa ba, amma Arzika ya ga kamar ubansa ya tsufa tsakanin safe da rana.

"Zaki, Allah ya ba ka nasara. Me zan ce? An faɗa mini wannan rana tun yaron nan bai san sunansa ba. Na tsare shi kamar ƙwai, na hana shi duk abin da ɗan Ƙaura ke alfahari da shi, har mutane suna yi mini dariya a bayan ido. Abin da aka rubuta ya zo ya same mu har gida. Ba shi ya yi ba, Zaki. Tura shi aka yi. A dubi wannan."

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini," in ji Arzika.

Fada ta yi guna-guni, Sarki ya ɗaga hannu.

"Baba, ka gafarce ni, amma ba wanda ya tura ni. Na tsaya a gindin ganuwa na tuna maganar tsohuwar nan kaf. Hanyar gida a buɗe take, ƙafafuna lafiya lau. 'Yar bori ba ta ɗaga sakata ba, kafaɗata ce ta ɗaga, ga sawun nan. Idan za a kashe ni, a kashe ni a kan abin da na zaɓa. Da za a mayar da safiyar nan, haka zan sake yi."

"Kai, rufe mini baki!" in ji Ƙaura. "Ina haƙa maka hanyar fita kana cikewa?"

Sarki ya shafa gemu. Kowa ya ga ba ya son abin da zai faɗa.

"Yaro, ka ceci matan garina, ka kuma karya dokar garina. Na farko ina gode maka. Na biyu ya fi ƙarfina. Ko ni ban isa in ɗauke takobi daga kanka ba, sai gidan da ka yi wa laifi, idan sun ga damar yi maka rufi."

Kowa a Garnaya ya san rufi. Wanda aka yanke wa kisa, idan wani daga gidan da ya yi wa laifi ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, takobi ya haramta a kansa. Amma daga ranar ya bar sunan ubansa, ya zama ɗan gidan da ya rufe shi. Ba wanda ya zaci Galadima zai ko motsa. Sai ga shi ya miƙe, yana kwance babbar rigarsa a hankali.

"Zaki, ni ba dutse ba ne," in ji shi. "Gidan Ƙaura ya ci mini ƙane. Yau zan karɓi ɗa a madadinsa, ba tare da an zubar da jini ba. Ya kwana a gidana, ya ci tuwona, a kira shi ɗan Jatau. Bagudu kuwa ya nemi wani magajin."

Arzika ya dubi rigar, fara tas, mai aiki har ƙasa. Rai ne ake miƙo masa.

"Ranka ya daɗe, idan na shiga rigar nan, Hakama ta zama mece ce a gare ni?"

"Ƙanwarka," in ji Galadima. "Kai ma za ka karɓi gaisuwar mijinta ranar da na aurar da ita."

"To a kira hauni."

Ƙaura ya yi tsalle ya tsallaka filin nan da bai taɓa takawa ba, ya durƙusa ya kama kafaɗun ɗansa. "Karɓi, Arzika! Ka zama ɗan kowa ma, ni dai in riƙa hango ka kana wucewa. Na yafe sunan, na yafe gadon. Karɓi!"

"Baba, an zaɓa mini komai tun ina jariri. Ka bar mini wannan."

Galadima ya tsaya da riga a hannu, fuskarsa ta canza. Bai yi tsammanin haka ba, kuma ya riga ya nemi doka a gaban jama'a, babu hanyar janyewa. Sarki ya kau da kai. Hauni ya shigo, ƙato baƙi, yana zare takobi, dogarai suka janye Ƙaura yana tirjiya. Arzika ya sunkuyar da kai. Ya yi mamakin yadda yake jin kukan kurciya a kan soron fada sarai.

Sai duhu ya rufe shi.

Ba duhun mutuwa ba ne, don yana da ƙamshi. Ƙamshin turare, da laka, da ruwan tafki. Tufa ce mai laushi ta sauko masa tun daga ka har gwiwa. Ya ji fada ta ɗauki salati, ya ji wani abu mai sanyi an cusa masa a hannuwansa da ke ɗaure, ya ji murya a daidai kunnensa.

"Ga furenka nan, duk ya yamutse. Yi shiru, jarumin cikin gida. Ka yi naka, bar ni in yi nawa."

"Hakama!" Muryar Galadima ce. "Kanki a buɗe, a gaban fada? Wa ya shigo da ke? Ɗauke mayafin nan! Mace ba ta rufi!"

"In ji wa?"

Sanda ta buga ƙasa. Arzika ya ɗan ɗaga kai ya leƙa ta gefen mayafin. Magajiya Tasalla ce, gwaggon Sarki, tsohuwar da ke riƙe da al'adun gidan sarauta, tana takowa a hankali, fadawa na darewa.

"Na ce in ji wa, Jatau? Kai da ke riƙe da ƙofofi, kullum kana shiga kana fita ta Ƙofar Mayafi, ka taɓa tambaya mayafin wa? Ko ɗayanku ya taɓa tambaya? Sai naɗa rawani kamar gammo." Wani bafade ya yi dariya, ya haɗiye ta. "Rufin farko a garin nan mace ta yi shi. 'Yar mai tsaron ƙofa ce, ta rufe wani maharbi da ya buɗe wa mahaifiyarsa, a zamanin Sarkin da ya gina ganuwa. Daga baya maza suka ga abin ya yi kyau suka kawo rigunansu. Riga tana yin ɗa. Mayafi yana yin miji. Sharaɗinsa kawai, ta zo da ƙafarta ba wanda ya aiko ta, kuma ta bar gidan ubanta ba ta ɗauki ko ludayi ba."

Sarki ya gyara zama, idonsa ya yi haske. "Gwaggo, ke kika aiko ta?"

"Ni? Ina zaune ina ɓarar gyaɗa yarinyar nan ta faɗo mini kamar an jefo ta, ta ce, Iya, riga ce kaɗai ke rufi? Tambaya ta yi, na ba ta amsa. Kafin in lalubo sandata ta yi gaba."

"Hakama 'yar Galadima," in ji Sarki, "kin ji sharaɗi. Kin yarda?"

"Na yarda, Zaki, Allah ya ƙara maka imani." Ta juya ta durƙusa gaban ubanta, kitsonta a fili, ƙafafunta duk busasshiyar laka. "Baba, na gan ka a kan ganuwa, na kuma ga ka gan ni. Wallahi ban riƙe ka a zuciya ba, na san abin da ya ɗaure maka hannu. Amma da bai buɗe ba, yanzu gawata ake wankewa a gidanka, kai da Ƙaura kun zama ɗaya, kowa da nasa da ya mutu a jikin ƙyauren nan. Ba tozarta ka na zo yi ba. Raina na zo biya."

Galadima ya dube ta. Rigar da ke hannunsa ta sulale ƙasa, bai sunkuya ya ɗauka ba. Da ya yi magana, muryar da ba ta yi rawa a kan ganuwa ba, yanzu ta yi.

"Da na kau da ido daga kanki, ina jin suna dukan ƙyaure, muryarki nake nema a ciki, ban ji ba. Na ce ko har sun same ki."

"Ban yi kuka ba ne, Baba, don kada in ƙara maka nauyi."

Ya sa bayan hannu ya goge fuska, ya juya ga Ƙaura, ya haɗe gira. "Bagudu, kada ka ɗauka na manta da ƙanena."

"Ni ma ban manta da yayana ba."

"To. Yarinyar nan ba ta cin tuwon dawa, sai na gero. Ka gaya wa matan gidanka."

Dariya ta ɓarke a fada, ta dama da ta hagu, abin da ba a taɓa ji tare ba. Sarki ya yi wa hauni nuni, ya mayar da takobi cikin kube ya fice, da alama shi ma ya ji daɗi. Aka yanke igiya. Arzika ya miƙe, mayafi a kafaɗa, yamutsattsen fure a hannu. Ubansa ya rungume shi har sai da haƙarƙarinsa ya yi ƙara, sannan ya sake shi ya talle masa ƙeya.

"Wannan na cike mini hanya ne. Shekara da shekaru ina tsare ka daga ƙofa, ashe ba daga nan abin zai ɓullo ba."

"'Yar borinku ta hango ƙofa, ba ta hango mayafi ba," in ji Magajiya. "A ba yarinya abin rufe kai, ku kuma ku daina kallo."

Sarki ya ba da umarni a buga tambarin nasara, a ɗaura aure ranar Juma'a, kuma daga yau ɗan Ƙaura ya fita ta ƙofar da ya ga dama. Hakama ta dubi Arzika ta gefen ido ta ce a hankali, "Sai ka je ka ga tafkin da kanka, na huta da dako."

Bai kai ga ba ta amsa ba Sarkin Dogarai ya shigo da sauri, ya faɗi.

"Zaki, ga baƙo a ƙofar fada. Shi kaɗai ne, bisa raƙumi, da ɗanyen reshe a hannu alamar manzanci. Yana jaye da doki mai sirdin azurfa, ba kowa a kai."

"A shigo da shi."

Dogo ne, siriri, ya naɗe fuska sai idanu. Bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Ya tsaya a tsakiyar filin da Arzika ya durƙusa ɗazu, ya bi fada da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Sarkin Garnaya, ubangidana Sarkin Dargaza yana da ɗa namiji guda ɗaya tak. Ya shiga ƙofarku da safe da jan rawani da munduwar azurfa. Dokinsa na biyu ne a waje. Ubangidana ya ce a ɗora masa wanda ya kashe ɗansa a kan sirdin nan, da ransa. Idan dokin ya koma ba kowa, kafin gero ya nuna babu sauran ƙofar da za ku rufe."

Furen ya faɗi daga hannun Arzika. Ya buɗe baki zai ce shi ne, sai ya ga bayan mutum biyu sun tare shi. Ƙaura ne ta hagu, Galadima ta dama, kafaɗa da kafaɗa, kowa hannunsa a kan takobi.

Baƙon ya dube su, ya dubi mayafin da ke leƙowa ta tsakaninsu. Idanunsa suka ƙanƙance.

"Ba sai kun nuna mini ba," in ji shi. "Na gan shi."